Sassabin zamani: hidimar wani ɗan mishan a gonakin Maraɗi

A shekarar 1981 ne wani matashi ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya iso jihar Maraɗi tare da iyalinsa a ƙarƙashin mishan ta SIM, wadda ta riga ta kafa asibitin Galmi tun 1950. Shi ilimin noma ya karanta, kuma a matsayinsa na Kirista ya ɗauki wannan ilimi amana ce da za a tambaye shi a kanta. Ƙasar da ya tarar ba ta gama farfaɗowa daga farin 1973 ba. Gonaki sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi har manomi ya sake shuka sau biyu ko uku a damina guda, mata kuma suna dafa tuwo da kara da kashin shanu.

Maganin da masana suka sani a lokacin shi ne dashe. Aka yi ta renon dogon yaro da turare ana rabawa ƙauyuka, amma rani da awaki da gara suka cinye mafi yawansu. A 1983, yana kan hanyar kai dashe, Rinaudo ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi. Kamar yadda ya sha faɗa daga baya, a wurin ya roƙi Allah gafara kan ɓarnar da ɗan Adam ya yi wa halitta, ya kuma roƙi a buɗe masa ido. Sai ya lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace bazara toho ne na kututturan kalgo da sabara da makamantansu, masu saiwa mai zurfi da ranta. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi reshe mai ƙarfi, a datse sauran, a tsare shi. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga kakannin manoman. Abin da ya ɓace shi ne dalilin yin ta.

Dalilin kuwa yana hannun hukuma. Bisa dokar da aka gada daga Faransa, itace na gwamnati ne ko da a gonar mutum ya tsiro, kuma ma'aikatan gandun daji suna cin tarar wanda ya sare shi. Wa zai reni abin da ba nasa ba, wanda kuma zai iya jawo masa tara?

Yunwar 1984, wadda mutanen Maraɗi suka laƙaba wa El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, ta ba Rinaudo matsayin da bai nema ba: rabon cimaka ya biyo ta hannun mishan. Ya gindaya sharaɗi, wanda zai karɓi hatsi sai ya bar itatuwa arba'in a kowace hekta. Ana iya ganin tilas cikin wannan sharaɗi, domin mai jin yunwa ba ya musu, kuma sakamakon ya nuna hakan: da agajin ya ƙare, aka sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan. Amfani mafi inganci da ya yi da matsayinsa shi ne zuwa wurin hukumar gandun daji ya nemi a sassauta dokar a yankin, manomi ya mori abin da ya rena. Waɗanda suka bar itatuwansu suka samu makamashi da abincin dabbobi da kuɗin itace a kasuwa, geronsu kuma bai ragu ba. Daga nan maƙwabci ya fara koyi da maƙwabci, mafi yawansu Musulmi, ba tare da kowa ya biya su ba. Suka sa wa aikin suna sassabin zamani.

Rinaudo ya bar Nijar a 1999 bai san iyakar abin da ya bazu ba. Sai cikin shekarun 2000 masu bincike, cikinsu har da Mahamane Larwanou, suka gwada tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan Adam, suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. A wasu yankunan, musamman kudancin Damagaram inda gawo ya mamaye gonaki, manoma ne suka farfaɗo da itatuwansu ba tare da ɗan mishan ya taɓa taka ƙauyensu ba. An ba Rinaudo lambar Right Livelihood a 2018, shekara 35 bayan tsayawarsa a kan waccan hanya.