Yadda Maganin Kunne Ya Tsaya a Birni

A Arewacin Najeriya, tun asali an gina kula da kunne a birni ne, kuma yara aka fi nufa. Makarantar kurame ta Tudun Maliki da aka buɗe a Kano a 1977 ta 'yan makaranta ce, Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa kuwa, wadda aka kafa a 1999, Kaduna ta zauna. Amma annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000, ba ta bar ƙauyuka ba, kuma cikin waɗanda suka tashi akwai magidantan da jinsu bai dawo ba. Irinsu sai su koma ga abin da suka gada: a ɗiga mai, a sosa da gashin kaza, a ce tsufa ne.

Za a ce likitocin kunne kaɗan ne, na'urar ƙara ji kuma tsada gare ta. Haka ne. Sai dai cire dattin da ya toshe kunne da tsayar da mugunya ba sai ƙwararre ba. Ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi, in an horar da shi aka ba shi 'yar fitilar duba kunne, zai yi wannan ran kasuwa, ya tura masu tsanani Kaduna.