Tsuntsun da Ya Kai Mashi Turai

'Yan'uwana tsofaffin ɗalibai, na san ba ku manta da shamuwar da ke sheƙa a kan bishiyar bayan ɗakin cin abincinmu ba. Da mun gan ta, mun san damina ta ƙarato. Wata rana muna aji uku na tambayi malaminmu na labarin ƙasa inda take zuwa da rani. Ya ce kudanci da gabashin Afirka take tafiya, ya kuma ce in je in bincika yadda aka yi aka sani. Sai bayan na gama jami'a na kama aikin gwamnati na cika wannan umarni. Malam, ga amsar, ko da ta makara.

Mutanen Turai sun daɗe cikin irin wannan duhu. In sanyi ya shigo sai su nemi wasu tsuntsaye su rasa. Masanansu na da suka ce cikin taɓo suke nutsewa su yi barci, wani ma ya rubuta cewa duniyar wata suke tafiya. A 1822 aka harbo wani farin tsuntsu dangin shamuwa a arewacin Jamus, da mashi irin na mafarautan Afirka soke a wuyansa. Ashe da shi ya ƙetare hamada da teku. Har yanzu gawarsa tana ajiye a Jami'ar Rostok.

A 1899 wani malamin makaranta a Denmak mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye zoben alminiyam mai lamba a ƙafa, don duk wanda ya tsinci ɗaya ya aiko da labari. Ta haka aka gano hanyoyinsu, aka kuma fahimci cewa in ƙasa ɗaya ta kare tsuntsu, wata ta ƙafar da fadamar da yake sauka, an yi aikin banza. Irin wannan tunani ne ya kai ga yarjejeniyar kare fadamu da aka sa wa hannu a garin Ramsar na Iran a 1971.

A nan ne labarin ya iso gida. Fadamun Haɗejiya da Nguru masauki ne na agwagin ruwa da ke baro sanyin Turai kowace shekara. Amma bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. An fara shirin kare wurin a 1987, Yarima Filip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, sannan a 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin Ramsar. Ruwan da tsuntsu ke nema shi ne wanda masunci da manomin shinkafa da makiyayi ke rayuwa da shi. In ya ƙafe, tare za su yi hijira.

Bara na ziyarci makaranta, na tarar an sare bishiyar nan, shamuwa kuwa babu ko ɗaya. Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce mu dasa itatuwa a harabar, mu saya wa ɗalibai tabaron hangen nesa ko da guda biyu ne, su riƙa rubuta ranar da suka fara ganin shamuwa kowace shekara. Mortensen ma malamin makaranta ne.