Yarjejeniyar Haƙƙin Yara: Daga Rattaba Hannu Zuwa Zama Doka

Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara a ranar 20 ga Nuwamba, 1989, ta kuma fara aiki ranar 2 ga Satumba, 1990, bayan ƙasashe 20 sun tabbatar da ita. Tana ƙunshe da sassa 54, kuma a wurinta yaro shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba, sai dai in dokar ƙasarsa ta ɗauke shi baligi kafin nan. Ginshiƙanta huɗu ne: haramta wariya, fifita maslahar yaro, haƙƙin rayuwa da bunƙasa, da sauraron ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi.

Galibi ƙasa kan shiga ta matakai biyu. Rattaba hannu bayyana niyya ce kawai. Tabbatarwa, wato miƙa takardar amincewa ga Babban Sakataren Majalisar, ita ce ke ɗora wa ƙasa nauyin cika alkawari. Ghana ce ta fara tabbatarwa a 1990, Nijar ta bi sahu a shekarar, Najeriya kuma a 1991. A yau ƙasashe 196 ne a ciki. Amurka kaɗai ta rage cikin mambobin Majalisar: ta sa hannu a 1995, amma tabbatarwa na buƙatar kashi biyu bisa uku na ƙuri'un Majalisar Dattawanta, kuma ba a kai ga wannan mataki ba.

A Najeriya akwai mataki na uku. Sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta kafa ta. An yi hakan a 2003, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, da Dokar Haƙƙin Yara. Sai dai ƙarfin dokar ya tsaya ne a Babban Birnin Tarayya, domin sha'anin yara yana hannun jihohi, kowace sai majalisarta ta yi tata. Jihohin Arewa da dama sun daɗe suna jan ƙafa, musamman saboda tanadin da ya hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba da kuma batun ɗaukar ɗan riƙo. Kano ba ta samu tata Dokar Kare Yara ba sai a 2023.

Kwamitin ƙwararru 18 da ke zama a Janiba ne ke bibiyar aiwatarwa. Ƙasa kan miƙa rahoton farko shekara biyu bayan shiga, yarjejeniyar kuma ta tanadi sabon rahoto duk shekara biyar. Kwamitin ba kotu ba ne, shawara kawai yake bayarwa. Saboda haka makomar almajirin da ke bara da yarinyar da aka cire daga makaranta tana hannun majalisun jihohi, da kotunan iyali, da kasafin kuɗin da gwamnoni suke warewa.