Daga Kafireta Zuwa Birenbos

Lokacin da mahaifina ya kai ni koyon kanikanci a Kaduna, farkon shekarun 1980, Peugeot 504 ce sarauniyar titi. Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kakuri, saboda haka duk garejin da ka leƙa ita za ka tarar an ɗaga wa bonet. Maigidana da sukudireba da kunne yake saita mai. Zai karkatar da kai, ya murɗa sukurun silo a hankali har ƙugin injin ya kwanta. Sai ya kwance fulogi ya miƙo mini: in bakinsa ya yi baƙi ƙirin, mai ya yi yawa, in ya yi fari fat, mai ya gaza.

Abin da yake lalube da kunne yana da adadi, ko da yake ba mu san shi ba a lokacin. Kafin fetur ya ƙone tas, kowane giram ɗaya yana bukatar iska giram 14.7. Kafireta kirdado kawai take yi. Ba ta san sanyin hunturu ba sai direba ya ja mata cok.

Hayaƙi ne ya kawo ƙarshenta. Biranen Amurka irin su Los Anjalas sun shaƙe, aka tsananta dokar tsaftar iska a 1970. Tun 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da D-Jetronic, na'urar lantarki mai auna fetur, a cikin Volkswagen 1600. A 1976 Volvo ta sa sensa a bututun salansa mai sansanar iskar oksijin da ta rage a hayaƙi. Daga nan injin ya fara duba aikinsa da kansa.

Mu abin bai iso mu sosai ba sai shekarun 1990, da motocin Beljiyam suka fara kwararowa ta Kwatano da Legas. Muka buɗe bonet, babu kafireta, sai wayoyi da wani akwati da muka laƙaba wa birenbos. Tsoro ya kama mu. Mota na fara gardama sai mu cire injekta mu ɗora mata kafireta. Ni kaina na yi wa motoci da dama haka, kuma har yau abin na damuna, domin lafiyayyun injuna muka nakasa.

Da na zauna na koya, sai na ga aikin maigidana ne akwatin nan yake yi, illa dai ya fi shi sauri. Sensar karanshaf na gaya masa gudun injin. Wata na auna iskar da ke shiga, wata matsayin totur, wata zafin ruwa. Famfo yana riƙe fetur a matse a bayan nozul, shi kuwa birenbos a batun yawan mai abu ɗaya yake yankewa: tsawon lokacin da nozul zai buɗe. A silo, buɗewar ba ta wuce kashi biyu zuwa huɗu cikin dubu na daƙiƙa ba. Sai sensar salansa ta kawo rahoto, ya ƙara ko ya rage, ya kuma riƙe gyaran a ƙwaƙwalwarsa.

Amma duk abin da aka gaya masa shi yake gaskatawa. Bara wani dattijo ya kawo Camry, ya ce, "Malam, tun da mai ya yi tsada motar nan ta zame mini kishiya. An ce birenbos ne."

Na taɓa tiyon lagireto, na ce, "Alhaji, wa ya cire maka tamostat?"

"Ai an ce ta ƙasar sanyi ce."

An cire ta, an kuma haɗa fanka kai tsaye. Injin da ya kamata ya yi aiki a wajen digiri 90 kullum a sanyaye yake, birenbos yana zaton har yanzu asuba ce, yana ta ƙara mai kamar an bar cok a jawe. Muka mayar da tamostat, muka gyara wayar fanka. Bayan mako biyu ya dawo da goro.

Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motoci soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda muke jona na'urar bincike. Yanzu kowane yaro yana iya karanto P0171, wato mai ya gaza. Sai dai lambar ba ta ce a sayi sabuwar sensa ba. Sau da yawa tiyo ne ya tsage iska ke satar hanya, ko famfo ya gaji.

Shi ya sa duk yaron da aka kawo mini, kafin in ba shi na'ura sai na ba shi fulogi ya karanta, in sa ya saurari injin ido a rufe. Bayan haka sai mu jona kwamfuta mu ga ko maganarsu ta zo ɗaya. In ta saɓa, ba ma taɓa aljihun mai mota sai mun gano wanda ya yi wa birenbos ƙarya.