Jajin Nana Asma'u da Ƴan Matan Ƙauyukanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƴan uwa, in muka fita wa'azi ƙauye muka tambayi dalilin da ya sa ba a tura ƴa mace karatu, amsar kusan ɗaya ce: makaranta da nisa, kuma wa zai raka ta? Magabatanmu sun gamu da wannan tambaya, sun kuma amsa ta.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Marata, nan cikin ƙasarmu Nijar, a 1754, ya zargi malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albab da barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da ƴaƴan wasu. Ɗiyarsa Nana Asma'u, da aka haifa a 1793, ita ta ɗauki wannan magana ta kai ta karkara.

Wajen shekarun 1830 ta kafa ƙungiyar Ƴan Taru. Ta zaɓi dattijan mata amintattu daga ƙauyuka, ana kiran kowace jaji, ta sa musu malfa da jan rawani don kowa ya shaida su. Jaji ce ke tattaro ƴan mata da tsofaffi, ta yi musu jagora a ƙafa har gidan Nana, su ɗauki karatu, ta maido su lafiya. Matan aure da ba su iya tafiya, a gida karatun yake iske su. Nana ta tsara musu tauhidi, tsarki, salla da tarihin Annabi cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, don mace ta haddace ko tana daka. Bayan rasuwarta, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

To, mu fa? Wane ƙauye ne ba shi da dattijuwa wadda iyaye suka yarda da ita? Kowane masallacinmu ya nemo mace ɗaya irin wannan, a ɗauki nauyinta, ta riƙa raka ƴan mata islamiyya da makarantar boko. Yarinyar da muka bari a gida yau, gobe ita ce uwar da za ta koya wa ɗanta Fatiha.

Allah ya jiƙan Nana, ya ba mu ikon koyi da ita. Amin.