Asalin Kujerar Gwamnan Borno

Tun kafin a san wani abu wai shi gwamna, ƙasar Borno tana da masu mulkinta. Sarakunan gidan Saifawa, waɗanda ake kira Mai, sun yi ɗaruruwan shekaru suna sarauta, da farko a Kanem, gabas da Tafkin Chadi, daga baya a Birnin Ngazargamu. Da ƙarfinsu ya raunana, sai mulki ya koma hannun wani babban malami, Shehu Muhammadu Al-Amin El-Kanemi, wanda ya gina Kukawa a 1814. Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Shehu har yau. A wancan zamani haraji da shari'a da yaƙi duk a hannun mai sarauta suke. Shi ne wuƙa shi ne nama, ba a kuwa ƙayyade masa shekaru. In ba mutuwa ta ɗauke shi ba, sai dai wanda ya fi shi ƙarfi ya ture shi.

Ana nan, sai Rabeh ya ɓullo daga gabas, ya ci Borno da yaƙi a 1893, ya rushe Kukawa, ya zauna a Dikwa. Bai daɗe ba, Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Daga nan Turawa suka yayyanka ƙasar tsakanin Ingila da Faransa da Jamus. Turawan Ingila suka iso nasu rabon a 1902, suka tabbatar wa Abubakar Garbai sarautar Shehu. Kukawa ta riga ta zama kufai, saboda haka a 1907 Shehu ya ƙaura zuwa Yerwa, a bakin kogin Ngadda, kusa da ƙauyen Maiduguri inda Turawa suka kafa barikinsu. Yerwa da Maiduguri suka yi ta girma har suka haɗe suka zama gari ɗaya.

A barikin nan ne aka zaunar da Razdan na Lardin Borno. Ba ya naɗa rawani, ba a yi masa kaɗe-kaɗe. Hakimai ne ke tara haraji, alƙalai ke shari'a, 'yan doka ke kama mai laifi, duk da sunan En'e ta Shehu. Amma Razdan ne ke duba littattafan baitulmali, shi ke rubuta rahoto ya aika Zungeru, daga baya Kaduna, shi ke isar da umarnin da ya fito daga can. Nan ne mutanen Borno suka fara ganin wani irin mai iko da ba su saba da shi ba: takarda ce ta kawo shi, in wa'adinsa ya ƙare kuma takarda ce za ta ɗauke shi ta kawo wani. Ba ya gadon kowa, ɗansa ba zai gaje shi ba. Tushen kujerar gwamna ke nan.

A 1954 aka mai da Nijeriya tarayya mai jihohi uku, Arewa da Gabas da Yamma, kowace da gwamnanta. Na Arewa yana Kaduna, kuma Bature ne, har zuwa 1962 lokacin da Sir Gawain Bell ya sauka. Wanda ya gaje shi ɗan Yerwa ne, Sir Kashim Ibrahim, tsohon malamin makaranta wanda ya yi minista, ya kuma yi Wazirin Borno. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya zama Gwamnan Jihar Arewa. Sai dai kujerarsa ta girmamawa ce. Yana sa hannu a doka, yana buɗe majalisa, amma ragamar mulki tana hannun Firimiya, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ya share wannan tsari gaba ɗaya.

To, yaya aka yi Maiduguri ta sami gwamna nata? Dalili shi ne tsoro. Mutanen Kudu suna tsoron girman Arewa, ƙananan ƙabilu suna kukan manya sun danne su, Jihar Gabas kuma tana shirin ɓallewa. Sai shugaban mulkin soja, Yakubu Gowon, ya ga ba mafita sai a karya manyan jihohin nan. Ran 27 ga Mayu 1967, kwana uku kafin Ojukwu na Jihar Gabas ya yi shelar Biyafara, ya raba ƙasar zuwa jihohi goma sha biyu. Aka haɗa lardunan Borno da Bauchi da Adamawa da Sardauna aka kira su Jihar Arewa maso Gabas, aka ce Maiduguri ce hedikwata. Aka naɗa wani hafsan soja, Musa Usman, ya zama gwamna na farko, ya yi shekara takwas a kai.

Wannan gwamna ya bambanta da na Kaduna. Ba Firimiya a gefensa, ba majalisar da za ta ce masa a'a. Abin da ya sa wa hannu ya zama doka. A shekarun nan ne aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, ikon da ke fada ya yi ta tsiyayewa zuwa gidan gwamnati. Ƙasar da yake mulki kuwa ta fi ta kowane gwamna faɗi, don ita ce yau ta zama jihohi shida: Borno, Yobe, Bauchi, Gombe, Adamawa da Taraba.

Da Murtala Muhammed ya karɓi mulki a 1975, sai ya turo Muhammadu Buhari Maiduguri. Ran 3 ga Fabrairu 1976 aka raba jihar uku, Bauchi da Gongola da Borno. Buhari ya riƙe sabuwar Jihar Borno na 'yan makonni, sa'an nan aka kira shi Legas aka ba shi aikin man fetur. Mustapha Amin ya gaje shi, bayansa Tunde Idiagbon. Yawancin gwamnonin soja baƙi ne a Borno, Buhari daga Daura, Idiagbon daga Ilorin. Ba wanda ya tambayi manomin Biu ko masuncin Baga ko yana son su.

Sai a 1979 aka yi wannan tambaya. Sabon tsarin mulki ya kwaikwayi na Amurka, ya ce jama'a su zaɓi gwamna da ƙuri'arsu, ya yi shekara huɗu, in sun sake yarda ya ƙara huɗu, daga nan ya sauka. Mutanen Borno suka zaɓi Mohammed Goni na jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim, alhali gwamnatin tarayya tana hannun NPN ta Shehu Shagari. Nan aka gwada tarayya a fili. A Janairu 1980 jami'an gwamnatin tarayya suka kama Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Borno, suka tsallakar da shi iyaka zuwa Chadi, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Gwamna yana gari, amma ba shi da iko kan masu tsaron iyaka. Babbar Kotun Maiduguri ce ta yanke hukunci cewa korar ta saɓa wa doka, mutumin ya komo gida. Wannan shari'a ta koya wa jama'a cewa a tarayya iko kashi-kashi ne, na gwamna daban, na shugaban ƙasa daban, kotu kuma tana iya tsawata wa kowannensu.

Asheik Jarma na NPN ya hau a Oktoba 1983, wata uku kacal soja suka komo. Aka shiga jerin gwamnonin soja, irin su Abubakar Waziri da Abdulmumini Aminu da Mohammed Buba Marwa. A zamanin Marwa ne, ran 27 ga Agusta 1991, aka cire Yobe daga Borno. Maina Ma'aji Lawan na SDP ya hau a Janairu 1992, soja suka sake sauke shi a Nuwamba 1993. Sai daga 1999 kujerar ta zauna daram. Mala Kachalla ya yi huɗu, Ali Modu Sheriff ya yi takwas, Kashim Shettima ya yi takwas, ya miƙa wa Babagana Umara Zulum a 2019, shi kuma Shettima daga baya, a 2023, ya zama Mataimakin Shugaban Ƙasa.

Ga yadda ake hawa kujerar yanzu. Dole mai nema ya zama haifaffen ɗan Nijeriya, ya kai shekara 35, ya yi ilmi aƙalla na sakandare, wata jam'iyya ta tsayar da shi. Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya isa. Sai ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. Borno tana da 27, wato sai ya sami haka a 18. Hikimar ita ce kada mutum ya dogara da garinsu ko ƙabilarsa kawai. Dole Babarbare ya nemi yardar Babur da Marghi da Shuwa, na arewa ya je kudu ya yi gaisuwa. Ran 29 ga Mayu sai a taru, Babban Jojin jiha ya karanta rantsuwa jimla-jimla, zaɓaɓɓe yana dafe da Littafi Mai Tsarki na addininsa yana maimaitawa, sa'an nan ya sa hannu a gaban jama'a.

Ikon da aka damƙa masa ba kaɗan ba ne. Shi ke naɗa kwamishinoni da amincewar majalisa, shi ke kai kasafin kuɗi, dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jihar amana a hannunsa, ba a gurfanar da shi a kotu yana kan mulki. Har Shehu, in an naɗa sabo, gwamna ne ke miƙa masa sandar girma. Amma akwai abin da aka hana shi: ba shi da soja, 'yan sanda kuma na tarayya ne. Ba inda wannan giɓi ya yi ciwo kamar Borno. Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, garuruwa suka watse, Maiduguri ta cika da 'yan gudun hijira, har aka kafa dokar ta-ɓaci a Mayu 2013. Wanda aka kashe wa ɗa, wanda aka ƙone wa rumbu, ƙofar gwamna yake zuwa da kukansa, alhali masu riƙe da bindiga daga Abuja suke karɓar umarni. Haka kuma da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumba 2024 ruwa ya mamaye unguwanni, idon kowa gidan gwamnati ya koma.

Ya kamata kowane yaro a Borno ya san wannan tarihi, don ya gane kujerar nan ba gadon gidan kowa ba ce. Soja sun riƙe ta da ƙarfi sun tafi, farar hula bakwai sun hau ta da ƙuri'a, kowa da wa'adinsa. Aro ce jama'a ke bayarwa, mai ba da aro kuwa yana da hakkin ya tambayi yadda aka yi da kayansa. A tambayi gwamna makaranta da asibiti da ruwan sha da hanyar kai amfanin gona kasuwa, don waɗannan aikinsa ne. A tambayi gwamnatin tarayya tsaro, don ita ta riƙe makamai. Ranar zaɓe kuwa kowa ya fito da katinsa, gama kakanninmu sun rayu sun mutu ba a taɓa tambayarsu wanda suke so ya mulke su ba.