Dokar Kare Bayanan Mutane ta Najeriya, 2023

Dokar Kare Bayanan Mutane ita ce dokar tarayya da ta tsara yadda hukumomi, kamfanoni da ƙungiyoyi za su tattara bayanan ɗan'adam, su adana su, su yi aiki da su ko su miƙa wa wani. Shugaban ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa mata hannu ranar 12 ga Yuni, 2023. Ita ce ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, wato NDPC, mai hedikwata a Abuja, wadda Dakta Vincent Olatunji ya zama kwamishinanta na farko.

Ganin cewa mutum yana da sirrin da ba a kutsa masa tsohon abu ne a ƙasar Hausa da ta Barno. Ginin gida kansa shaida ne: zaure ne iyakar baƙo, ba a wuce shi sai an yi sallama an sami izini, kuma rufin asiri yana cikin abin da ake roƙon Allah safe da yamma. Malamai suna danganta wannan ga ayoyin neman izini a Suratun Nur da hanin binciken asirin mutane a Suratul Hujurat. A dokar zamani kuwa, sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin kansa, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganganunsa na tarho. An rubuta sashen ne kafin wayar salula ta GSM ta iso a 2001, don haka bai faɗi komai ba game da rumbunan kwamfuta masu ɗauke da sunaye da hotunan miliyoyin mutane.

Wani muhimmin yunƙuri na toshe wannan giɓi shi ne ƙa'idojin da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, wato NITDA, ta fitar ranar 25 ga Janairu, 2019, lokacin da Isa Ali Pantami yake shugabantarta. Rauninsu shi ne ba Majalisar Tarayya ce ta zartar da su ba. A Fabrairun 2022 gwamnatin Muhammadu Buhari ta kafa ofishi na musamman domin kare bayanai, shi ne ya rikiɗa ya zama NDPC. Dokar ta ɗebi abubuwa da yawa daga tsarin Tarayyar Turai da ya fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, kuma ta cika wani alkawari da ƙasashen ECOWAS suka ɗauka tun 2010.

A ma'anar dokar, bayanan mutum su ne duk abin da za a iya gane shi da shi: suna, lambar shaida, inda yake, da makamantansu. Ta ware wani rukuni mai tsananin kariya, wanda ya haɗa da zanen yatsa da siffar fuska, ƙabila, addini, halin lafiya da ra'ayin siyasa. Sashe na 24 ya ce a karɓi bayani bisa gaskiya, domin wata manufa bayyananniya, kada a karɓi fiye da buƙata, kada kuma a riƙe shi bayan buƙatar ta wuce. Sashe na 26, wanda ya shafi yarda, shi ne mafi kaifi a rubuce. Shiru ba yarda ba ne. Wanda ya karɓi bayanin shi ne zai kawo hujjar cewa an yarje masa, kuma mai bayanin yana iya janye yardarsa duk sa'ad da ya so. Ana iya bayar da yarda a rubuce, ko da baki, ko ta na'ura. Yaro kuwa sai da amincewar iyaye ko waliyyi.

Mai bayani yana da haƙƙin sanin abin da aka ajiye game da shi, da neman a gyara kuskure, da neman a goge, da ƙin a riƙa aiko masa da talla. Idan aka fasa rumbun bayanai ta yadda mutane za su cutu, wajibi ne a sanar da hukumar cikin sa'o'i 72. Babban mai sarrafa bayanai da ya saɓa doka za a iya cin tararsa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ƙarami kuma naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari. An sassauta wasu sharuɗɗan ga aikin tsaron ƙasa, binciken laifi, annoba da aikin jarida, kuma dokar ba ta shiga harkar da mutum yake yi shi da iyalinsa ba.

Dokar tana aiki a duk faɗin tarayya, har da kamfanonin waje masu riƙe bayanan mazauna Najeriya. Gwajinta na gaskiya yana wurare irin arewacin Yobe. Mutumin Kumagannam, a ƙaramar hukumar Yusufari, ya riga ya shiga rumbuna da dama ko da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba: lambar BVN da bankuna suka fara bayarwa a 2014, lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da aka wajabta haɗa ta da layin waya tun Disambar 2020, katin zaɓe, rajistar tallafi, da katin asibiti idan jinya ta kai shi Nguru ko Gashua. Kusan kowane ɗaya ya bi ta hannun wani. A bakin kasuwa dattijo yakan miƙa wa mai POS katinsa, ya faɗi lambar sirrin a fili domin yaron ya danna masa. A shagon hoto da kwafi, takardun NIN da suka fito da dishi-dishi sukan taru a kwali gefen inji, da suna da hoto da lamba a jikinsu. Fom ɗin banki galibi da Turanci yake, mai dangwala yatsa kuma da Manganci ko Badanci ko Fillanci ko Hausa yake magana. Irin wannan yarda ta amana ce ga mutumin da ke tsaye a gabansa, ba ga sharuɗɗan da ba a karanta masa ba, kuma nan ne hikimar ɗora hujja a kan mai karɓar bayani take fitowa.

Iyaka ma tana da nata lissafin. Yusufari tana makwabtaka da Jamhuriyar Nijar, kuma fatake da yawa suna riƙe da layin kowane ɓangare. Nijar ta riga Najeriya, domin ta yi tata dokar a 2017 tare da hukumar da ake kira HAPDP. Dokar Najeriya ta hana fitar da bayanai zuwa wata ƙasa sai an tabbatar da isasshiyar kariya a can, ko mai bayanin ya yarda, ko akwai wani dalili da ta lissafa.

Muhimmancin dokar ya fara bayyana ne a hukunce-hukuncen manyan kamfanoni. A Agustan 2024 hukumar ta ci tarar bankin Fidelity naira miliyan 555.8, bankin kuma ya musanta saɓa doka. A Fabrairun 2025 ta ɗora wa Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 32.8, daga baya suka sasanta. A Yulin shekarar ta ci tarar MultiChoice fiye da naira miliyan 766. Abin da ya fi taɓa talaka kuwa shi ne manhajojin bashi, masu kwashe lambobin wayar wanda ya ci bashi su aika wa dangi da surukai saƙon tozarci, wanda tonon asiri ne tsantsa kuma saɓa wa sharaɗin manufa ne ƙarara. Wanda aka yi wa haka yana iya kai ƙorafi ga hukumar a ƙarƙashin sashe na 46, kuma sashe na 51 ya ba shi damar zuwa kotu neman diyya.